Kalmomi Ɗari Huɗu da Habsatu Ta Bari

Inuwa mijin ƙanwata Habsatu ne. Ni sunana Yakuba, gyaran moto, wato babur, nake yi a Magariya, a bakin hanyar da ke fita zuwa Dungas. Tun kafin ya nemi aurenta na san shi, domin wata tsohuwar moto gare shi da ba ta mako biyu ba ta zo gareji ba. Yakan zauna a kan benci yana jira, kansa a sunkuye cikin salula, leɓensa yana motsi. Da farko na ɗauka lazimi yake yi. Ashe karatu ne.

Ɗan ƙauyen Kwaya ne, mahaifinsa manomin gero da gyaɗa. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a garinsu, ya zo Magariya ya yi sakandare, kolej da lise. Shekarar da zai zauna bak, jarrabawar gama lise, tsohon ya kwanta ciwo, sai ya koma gona ya yi damina biyu. Da ya dawo bai sake shiga aji ba. Ya samu aiki a wani shago bayan kasuwa inda ake fotokofi da buga takardu, kuma a shagon akwai tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, mai ƙara kamar injin ban ruwa. Idan babu mutane sai ya zauna gabanta yana bin darussan ordinata cikin Faransanci, waɗanda ya sauke lokacin da rezon intanet ke da ƙarfi. A haka ya koyi gina shafukan intanet, ba malami, ba aji.

Ya auri Habsatu a shekarar 2017. Ita kolej ta tsaya, amma bakinta ya fi na kowa a gidanmu iya magana. Idan ta ba da labarin abin da ya faru a rijiya, sai ka ga kamar kana wurin.

Aikin farko da ya samu na wata ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa ne, suna son shafin da mambobinsu za su riƙa rubuta suna da gari da irin abin da suka noma. Ya yi shafin, ya yi kyau, amma babu mai cikawa. Yawancin matan ba sa karatun boko, kuma ko mai salula a hannu sai ta nemo wanda zai karanta mata. Sai Inuwa ya sa wa shafin murya: ka taɓa gurbi, ya faɗa maka da Hausa abin da ake so ka sa. Bayan su wani mai sayar da iri ya ce shi ma yana so, sannan wasu masu rigakafin dabbobi. Kowane lokaci sai ya sake rubuta abu ɗaya daga farko.

Wata rana ya zo gareji fuskarsa a sake, ya ce ya gane hanya. Ya yi mini bayanin cewa akwai wani babban tarin shirye-shirye da masu gina shafuka na duniya suke ɗauka kyauta su ɗora aikinsu a kai. Abin da babu a ciki, kowa yana iya rubuta ɗan ƙarami ya liƙa. Masu sana'ar suna ce wa wannan ɗan ƙaramin fulogin. Shi ƙari yake ce masa.

Na ce, "To me ya bambanta shi da wanda kake yi da?"

Ya ɗauki buji, abin da ke ba injin moto wuta, a kan teburina ya ce, "Yaya, wanda ya ƙera wannan bai san moton da za a sa shi ba. Haka nake so. In rubuta sau ɗaya, duk mai shafi ya ɗauka, ya sa layi guda, shafinsa ya yi magana. Amma da sharaɗi: kada ya taɓa kayan mai shafi, kada sunayen da na sa a ciki su yi karo da nasa, kuma idan aka ce ya tsaya, ya tsaya ya share bayansa."

Wata huɗu ya yi yana wannan aikin. Ya sa masa yadda zai yi idan mai shafi bai zaɓi komai ba, ya bar ƙofa ga wanda yake son ya rage sauri ko ya sa a maimaita sau biyu. Abin da ya gagare shi murya ce. Da tasa ya fara, amma Inuwa yana da saurin baki, kuma idan ya ga ana ɗauka sai harshensa ya harɗe. Habsatu ce ta ji yana ta maimaita kalma ɗaya a tsakar gida, ta yi dariya ta ce, "Malam, wannan ai ko ni da nake matarka ban ji me ka ce ba. Kawo in gwada."

Ta gwada, muryar ta fita tas. Sai dai daga baya ta ce ba ta san ko ya dace muryar matar aure ta riƙa yawo a hannun mutanen da ba ta sani ba. Inuwa bai matsa mata ba. Ya zo wurina a matsayina na babban wanta, ni kuma na kai maganar ga mahaifiyarmu, Inna Tabawa. Inna ta tambaya, "Waƙa za ta yi?" Na ce a'a, lambobi ne da sunayen garuruwa da amfanin gona, don waɗanda ba su yi lakwal ba. Ta ce in haka ne ta yi, amma kada a sa sunanta. Ba a sa ba.

Tsakanin azahar da la'asar suke ɗauka, lokacin da injin niƙan maƙwabta yake hutawa. Sai su kai 'yarsu Nafisa gidana, su shiga uwar ɗaka, su rufe taga, su rataya bargo a ƙofa saboda kukan kaji. Idan suka fito kamar an tsamo su daga ruwa. Na taɓa zama da su sau ɗaya. Shi yana riƙe da takarda yana karanto kalma, ita tana faɗa, amma rabin lokacin gardama suke yi. Ya rubuta, "Ka yi kuskure." Ta ce ba za ta faɗa ba.

"Tsohuwa ta taso tun daga ƙauye, ta taɓa abu a karon farko, sai in ce mata kin yi kuskure? Ba za ta sake taɓawa ba."

"To me za a ce?"

Ta ɗan yi tunani ta ce, "A sake dubawa, saura kaɗan."

Haka aka sa. A ƙarshe suka tara kalmomi da gajerun jimloli ɗari huɗu da 'yan kai. Kullum idan sun gama, sai ya tafi shago ya yanke kowace kalma daban, ya cire tari da dariya da gardamar, ya bar kalmar tsura. Ordinatar ba ta da wuri, don haka da ya gama yanka sai ya goge dogon ɗaukan.

Ya sa wa ƙarin suna Sauraro, ya ɗora shi inda masu sana'ar suke ajiye irin waɗannan, kyauta, da bayanin yadda ake amfani da shi cikin Faransanci da Hausa. Wata biyu babu wanda ya kula. Sannan wata mata mai gina shafuka a Damagaram, Madam Hinda, ta rubuto ta ce ta gwada, yana aiki, amma a tsofaffin salula yana faɗin kalma sau biyu. Ya gyara cikin kwana uku. Daga nan aka fara ɗauka a Maradi, a Tasawa, har wani daga Kano. Idan saƙo ya zo sai ya kai gida ya karanta wa Habsatu. Ita kuma ta ce, "Yau kuma ina na je?" Ya ce Maradi. Ta ce, "Ni da ko Damagaram sau biyu na taɓa zuwa."

A bazarar 2023 sanƙarau ya shigo yankinmu. Ran Talata Habsatu ta ce kanta yana ciwo, ta sha magani ta ci gaba da aikinta. Laraba wuyanta ya ƙi juyawa, ba ta son haske. Ni na ɗauke ta a mota zuwa asibiti, Inuwa yana riƙe da kanta a baya. Likitoci sun yi abin da za su iya. Ran Alhamis ba ta gane kowa ba. Ran Juma'a da hantsi ta cika, aka yi mata sutura bayan an sauko daga masallaci. Shekarunta ashirin da shida. Nafisa tana da biyu da rabi.

Inuwa bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya karɓi gaisuwa, ya yi godiya, bayan kwana bakwai ya koma shago. Fotokofi kawai yake yi. Ordinatar ya lulluɓe ta da tsohon zane, saƙonni suna ta taruwa bai buɗe ba. Nafisa ta koma hannun matata.

Wajen wata uku bayan rasuwar, na je Guci ranar kasuwa kai wa wani moton da na gyara. Na bi ta kara, inda ake cinikin dabbobi. A gindin wata bishiya wani ma'aikacin dabbobi yana rubuta makiyaya don rigakafi, ya miƙa wa wani dattijo salula. Ina wucewa sai na ji an ce, "Awaki nawa gare ka? Taɓa lambar."

Na san abin da na ji. Na san ɗauka ce, ina wurin aka yi wata. Amma na tsaya ina saurare. Dattijon ya taɓa ba daidai ba, sai ta ce masa, "A sake dubawa, saura kaɗan." Ya yi murmushi ya ce wa na kusa da shi yarinyar nan tana da ladabi. Na samu gindin katanga na zauna har layin ya ƙare. Mutum goma sha ɗaya ta yi wa magana ina ji.

Kuskuren da na yi shi ne na ba da labarin a gida. Inna ta ji. Washegari ta sa aka kira Inuwa. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Inuwa, ban taɓa roƙonka komai ba. Ka cire ta. Tana kabari, muryarta tana kasuwa ana cinikin awaki. Ka bar ta ta huta."

Ya ce, "Inna, da a hannuna yake da yau na cire. Duk wanda ya ɗauka, ya tafi da nasa. Ko na goge wanda ke wurina, nasu yana nan. Ban ma san adadinsu ba."

"Kai ka yi abin, kuma ka ce ba ka da iko da shi?"

"Haka na gina shi, Inna. Don kada su buƙace ni."

Inna ta juya fuskarta ga bango. Ya zauna har ya ga ba za ta sake magana ba, ya tashi ya fita. Na bi shi waje ina ba shi haƙuri. Ya ce ba ni da laifi, gaskiya ta faɗa.

Da kaka Madam Hinda ta zo Magariya da kanta. Sai a lokacin ta ji labarin, domin ita ma ba ta san muryar ta matarsa ce ba. Ta same shi a shago, ina nan na kawo takardu. Ta yi ta'aziyya, har ta tashi za ta tafi ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Shi ya tsayar da ita.

"Madam, ba gaisuwa ce ta taso ki daga Damagaram ba, tunda ba ki sani ba. Faɗi."

Ta ce wani aikin rabon iri ne aka faɗaɗa zuwa garuruwan Dungas, kuma akwai kalmomi wajen talatin da babu a cikin Sauraro. Shafin yana magana, idan ya zo kan sunan gari sai ya yi shiru, mutane su rikice. Ta ce amma ya bari, za ta nemi wata dabara.

Ya ce ta ba shi mako biyu.

Ranar ya yaye zanen. Abin da ya fara gwadawa, daga baya ya gaya mini, shi ne ya haɗa sababbin kalmomi daga tsofaffi. Yana son sunan garin Malawa, sai ya yanko "ma" daga masara, "la" daga Laraba, "wa" daga dawa, ya jera su. Kwana huɗu yana wannan. Na shigo shagon da rana na same shi ya kunna. Muryarta ce, amma a karye, kowane gaɓa da nasa numfashin, kamar mai magana ana shaƙe ta. Ya kashe da sauri. Ya dafe fuskarsa da hannu biyu. Na ja ƙofar shagon na rufe, na ce wa masu jira su dawo anjima.

Da ya samu kansa ya ce, "Yaya, na duba ko'ina. Ordinata, tsohuwar salula, kart memwar da nake ajiya a ciki. Ko ɗaya daga dogayen ɗaukan ban bari ba. Duk inda ta yi dariya na yanke na zubar. Duk inda ta ce Malam na zubar. Ni da hannuna, don in samu wuri. Gero na bari, da dawa, da ɗaya zuwa ɗari."

Na zauna kusa da shi har aka kira la'asar.

Bayan haka ya sake ƙarin daga tushe. Ya ce tun farko aikin yana da aibi: ya ɗaure muryar a cikin shirin, alhali kamata ya yi su zama abu biyu. A sabon da ya fitar, Sauraro ba ya zuwa da murya ko ɗaya. Yana zuwa da jerin kalmomi, mai shafi ya nemo wanda zai karanta, ya zuba a inda aka tanada, ya ƙara duk kalmar da yake so. Ya rubuta bayanin yadda ake ɗauka: a rufe taga, a nisanci injin niƙa, a bar ɗan shiru kafin kalma da bayanta. A ƙarshen bayanin ya roƙi duk mai amfani da tsohon ya koma sabon, ya ce mai muryar ta rasu kuma mahaifiyarta tana so a janye. Ya ƙara layi ɗaya: a ajiye dogon ɗaukan, kada a goge.

Madam Hinda ta karanta kalmomin da muryarta, ita ta fara sauyawa. Sauran suka biyo baya a hankali, wasu da addu'a a cikin saƙonsu. Inuwa yana da jerin shafukan da ya sani a wani littafi. Duk Asabar yakan buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya taɓa gurbi. Idan wata murya ta amsa, sai ya ja layi a kan sunan. Na tambaye shi ko yana jin sauƙi idan ya ja layin. Ya ce a'a, amma Inna tana ji. Cikin shekara guda ya ja wa duka layi. Na ƙarshen na wani ɗan kasuwa ne a Maradi, shi bai sauya ba, shafin ne ya mutu. Da na gaya wa Inna an gama, ta sa aka dafa tuwo aka kai masa shago, abin da ba ta yi ba tun ranar da ta juya masa baya.

Kalmomin suna nan a kart memwar guda biyu, ɗaya a wurinsa, ɗaya ya ba ni in ajiye. Ni ban taɓa kunnawa ba. Shi ya kunna wa Nafisa sau ɗaya, bara, da ta fara koyon ƙirga. Ta bi muryar har goma tana tafi, sannan ta ce, "Baba, wace ce a ciki?" Ya gaya mata. Ta kalli salular ta ce to ya sa ta faɗi sunanta, ta ce Nafisa. Ya ce babu shi a ciki. Ta ce ya duba da kyau. Ya yi kamar yana dubawa, ya ce babu. Sai ta koma wasanta da sauran yara. Matata ta ce ranar bai ci abincin da aka ajiye masa ba.

Har yanzu yana shagon nan bayan kasuwa. Da damina yakan rufe kwana uku a mako ya tafi Kwaya noma, tunda tsohon ya rasu. 'Yan uwansa sun yi masa maganar aure, ni ma na yi, har Inna ta yi. Amsarsa ɗaya ce, tukuna. Yana amsa saƙonnin masu amfani da Sauraro, yana gyara abin da ya lalace idan sababbin salula sun fito, amma bai sake rubuta wani sabon ƙari ba.

Makon jiya ya turo motonsa gareji, birkin baya ya saki. Ina kwance ina dubawa ya ce in saurari wani abu. Wani daga Difa ne ya ɗauki ƙarin ya zuba masa Barbarci, ya aiko masa ya ji. Muryar wani tsoho ce, mai kauri, yana faɗin kalmomin a hankali. Daga ni har shi babu mai jin yaren. Muka saurara har ya kai inda muke zaton lambobi ne.

Inuwa ya ce, "Yana aiki."

Ya mayar da salular aljihu, ya tambaye ni ko birkin zai gyaru yau, domin gobe yana son ya kai wa mahaifiyarsa taki Kwaya kafin ruwa ya sauka.